Kofin Zoɓo a Gidan Shuni

Salama gare ku, ku da kuke bin labarina a wannan shafi. Wanda yau ya fara leƙowa, matso kusa ka ji. Sunana Josiane, ɗiyar Siméon tsohon ma'aikacin gidan waya, haifaffiyar Dogon Dutsi. Sana'ata lemun gida: zoɓo, tsamiya, kuka da citta, ina ɗurawa a kwalabe ina sayarwa bakin gudron, wato titin kwalta, kusa da tasha. Ina da wanda zan aura, Félix, mushen lissafi ne, wato malami, a kolej ɗin Tibiri. Iyaye sun riga sun shiga maganar, an ce sai an gama girbin gero. To yau daga Yamai nake rubuto muku, kuma wallahi zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ga yadda aka yi na zo. Kwanakin baya wata mota ta tsaya gaban rumfata, wata mata ta fito da tabarau a goshi ta sayi lemun tsamiya. Ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa, ta ce, "Wa ya haɗa wannan?" Na ce ni ce. Ta karɓi lambata ta wuce. Ashe Madam Asma'u ce, mai wani otel a unguwar Plateau da ake kira Gidan Shuni. Da ta kira sai ta ce in zo in yi 'yan kwanaki in koya wa ma'aikatan kicin ɗinta yadda nake haɗawa.

Baba da ya ji kalmar otel sai da ya ajiye rediyonsa.

"Otel? Ɗiyar dattijon majami'a cikin otel?"

"Aiki ne, Baba. Cikin kicin."

"Na jiya. Ki tahi. Amma da rana ta hwaɗi ki koma gidan Huguette. Can za ki kwana."

Tanti Huguette ƙanwarsa ce, tana zaune can ƙarshen gari bayan filin jirgi. Ranar da na isa, ta dubi nisan da ke tsakanin gidanta da Plateau, ta ji cewa kicin tun da sassafe ake buɗe shi, ta ji kuma Madam ta ware mini ɗaki, sai ta tafa hannu ta ce, "Ke, je ki kwana inda aka ba ki. Yayana yana can, ina zai gani? In ya kira ni na san abin da zan ce." Ni kuwa, kada in yi muku ƙarya, ko gardama ban yi ba.

Jama'a, unguwar nan daban take. Ko'ina ka waiga wurin shan kafe ne, samari da 'yan mata zaune da kwamfuta a gabansu, kowa da igiya a kunne. Ga shagon da ba a sayar da komai sai zane-zanen bango, ga na turare, ga na kankara mai zaƙi da layi har titi. 'Yan mata na tuƙa mota da hannu ɗaya. Otel ɗin kansa in ba a nuna maka ba sai ka wuce shi: katanga ce sumul mai launin jar ƙasa, da baƙar ƙofar ƙarfe, sunan ma ƙanana aka rubuta shi a gefe. Amma kana shiga sai sanyi da ƙamshin lemun tsami su tare ka. Tsakar gida da ɗan tafkin wanka shuɗi, kujerun kaba masu zurfi, fitilu kuwa ƙorai ne aka huhhuda aka rataye, haske na zubowa ta ramukan. Na ga turmi, turmi dai irin na dakan Inna, an shafe shi da mai yana ƙyalli an ɗora masa gilashi, wai tebur. Na ce a raina, da Inna ta ga wannan da ta tambayi ina taɓaryar.

Ɗakina yana bene. Ba makulli, wani kati ne kake nuna wa ƙofa ta yi ƙit ta buɗe. Bango uku farare, na huɗun shuni ne mai duhu kamar an tsoma shi a marina, an kafa masa tsohon bargon saƙa cikin firam. Gado fari fat, matasai har sun yi yawa. Ruwan wanka daga rufi yake saukowa kamar ruwan Agusta. Na ajiye jakata ta leda mai zane-zane a tsakiyar ɗakin, na ga ta yi wani iri, na tura ta bayan labule. Na zauna a gado na tashi. Na zauna a kujera na tashi. Na leƙa taga, na kunna klim mai sanyaya ɗaki na kashe, na sake kunnawa. Ƙarshe a kan tabarmar ado da ke ƙasa na zauna na ci ƙuli-ƙulin da Inna ta ƙulle mini. Kowace safiya kuwa ni nake gyara gadon kafin masu gyara su zo, don kada a ce 'yar Dogon Dutsi ƙazama ce.

Kicin ne kawai inda hankalina ke kwanciya. Babban mai dafa abincin, Shef Abdul'aziz, mutum ne mai tumbi da dariya, ya haifi kamata. Ya ba ni rigar aiki ta shuni mai sunan otel a ƙirji, na ɗora ta kan atamfata ruwan goro. Na nuna musu yadda ake jiƙa zoɓo ba a tafasa shi har ya yi ɗaci ba, da lokacin da ake jefa kanumfari. Baƙi suka fara aiko da tambaya, wai mene ne wannan jan abin. Wani Bature ya sha kofi bayan kofi har matarsa ta harare shi.

Ranar Talata da la'asar Madam ta kira ni saman bene, inda ake hango gulbi ta tsakanin itatuwa.

"Josiane, zauna. Ina son ki tsaya nan."

"In ƙara kwana, Madam?"

"Ki tsaya gaba ɗaya. Ɓangaren lemu ya zama naki, da sunanki a jikin kwalba. Akwai albashi, akwai wurin zama. In abin ya karɓu mu kai shi manyan kantuna."

Sunana a jikin kwalba. Na ji kamar an ɗaga ni sama an manta ba a sauke ni ba.

"Madam, ina da aure a gaba."

"Mijin ba ya shan lemu?" Ta yi dariya. "Ki yi tunani. Ban ce yau ba."

Ana cikin haka yarinyar da ke kula da shafin otel ɗin ta hau da waya a hannu, ta ce a tsaya a yi hoto. Aka zuba zoɓona a cikin irin kofin nan mai doguwar ƙafa, aka miƙa mini. Shef ya tsaya gefena ya ɗaga nasa. Na yi murmushi har kunne. Ƙyas.

Kun san me na yi da yamman nan? Na buɗe wurin saƙon Félix, na rubuta, "An yi mini tayin aiki." Na goge. Na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi." Na goge. Shi ya riga ni: "Ça va, ma chérie? Kin ci abinci?" Na amsa, "Na ci. Yaya 'yan makaranta?" Shi ke nan. Na ce bari sai na koma gida, maganar ba ta waya ba ce. Gaskiyar ita ce na san Félix. Ya sha faɗa mini shi ko an ba shi Yamai kyauta ba ya so. Tsohuwarsa tana Tibiri ba ta gani sosai, gonarsu tana can, ɗakin da ya gina mana ma har ya sa masa ƙofa.

Washegari da safe ina ɗaura kallabi wayata ta fara kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Zauren hira na 'yan koral ne, mawaƙan majami'armu. Wata ta sa hoton nan, ta kwafo shi daga shafin otel. Ga ni nan riƙe da kofi mai doguwar ƙafa cike da jan abu, ga namiji a gefena kafaɗa na taɓa kafaɗa, ga tafkin wanka a ƙasa. A ƙarƙashi an rubuta da Faransanci: barka da zuwa ga sabuwar ma'aikaciyarmu, Josiane.

Sabuwar ma'aikaciya! Ni da ban ce e ba, ban ce a'a ba!

Saƙonni suka yi ta zuba.

"Wannan ba Josiane ɗinmu ba ce?"

"Mene ne a kofin?"

"Hmmm. Yamai ke nan."

"Ku bari mana, ƙila jus ne."

"Jus a wannan kofin? Ma sœur, mu ma muna kallon tele."

"Shi wancan mai tumbin fa?"

"Allah sarki Mushe Félix."

Na zauna a bakin gado. Sai ga saƙon murya daga Inna. Ban so buɗewa ba, na buɗe.

"Josiane! Mi na yi miki? Matar fasto ta zo har gida da waya ta gwada mini. An ce giya kike sha, an ce a otel kike kwana. Na kira Huguette tana ta in-ina. Ni da nike ta tara miki kwanoni! Da wane ido zan shiga zumuntar mata? Ki kira ni!"

Na kira ta, kuka ya hana ta ji na. Na ce zoɓo ne, ta ce zoɓon wa ake sha a wannan kofin. Na sauka da gudu na sami Madam. Ta riƙe baki, ta kira yarinyar ta yi mata faɗa, aka cire hoton nan take. Amma ruwan da ya zube ba ya kwasuwa. Kowa ya riga ya adana nasa.

Duk wannan bai kai saƙon Félix ciwo ba. Kalma ɗaya ya turo, ta taya murna da Faransanci.

"Félicitations."

Ba alamar dariya, ba ta fushi. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Na rubuta, "Ban karɓa ba, wallahi ban karɓa ba." Alama ta nuna ya karanta. Na rubuta, "Zoɓo ne a kofin." Sai ya amsa: "Na san zoɓo ne. Ba kofin na karanta ba."

Ranar nan na zuba gishiri a lemun kuka. Shef ya ɗanɗana ya dube ni, ya karɓe ludayin a hankali ya ce in je in huta. Hutu ina? Na hau ɗaki na sauko. Na zaga tafkin, na fita titi na kai har shagon turare na dawo ban san me na gani ba. Bangon shunin nan da ya burge ni ranar farko, yanzu ji nake kamar matsowa yake. Baba kuwa bai kira ba, bai aiko ba. Wanda ya san Baba ya san gara ya yi faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi ina kicin ina tace tsamiya, mai karɓar baƙi ta leƙo.

"Mademoiselle Josiane, wani dattijo yana nemanki. Ya ce shi ne mahaifinki."

Matacin ya faɗi daga hannuna.

Yana zaune a ɗaya daga kujerun kabar nan masu zurfi, amma bai jingina ba, a baki-baki ya zauna, bayansa a miƙe. Ya sa rigarsa ruwan toka ta zuwa majami'a, hularsa a gwiwa. Motar asuba ya hau ke nan. Na durƙusa a gabansa kan tayil, a gaban Turawa da kowa.

"Baba, sannu da hanya."

"Yawwa." Ya dubi ƙoran da ke rataye, ya dubi turmin, ya dawo da ido kaina. "Nan kike kwana?"

"E, Baba."

"Ba gidan Huguette ba."

"A'a, Baba."

"Gwada mini ɗakin."

Muka hau. Sai da na nuna katin sau da yawa kafin ƙofa ta yarda. Ya shiga ya tsaya a tsakiya. Ya ga Littafina a kan teburin gefen gado, ya ga jakata da ke leƙowa daga bayan labule, ya ga zanen da na wanke na shanya a kan ƙofar wanka. Ya taɓa sakatar ƙofa ta ciki, ya tura ta ya ja ta. Muka sauko.

"Yanzu kawo mini abin da anka ɗauke ki hoto da shi. Cikin kohin nan dai."

Na kawo. Shef da kansa ya biyo ni, ya cire hular kicin ya gaishe shi da ladabi. Baba ya dubi tumbin, ya dubi furfurar da ke gemunsa, na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka. Ya karɓi kofin, ya rasa inda zai riƙe, ƙarshe ya damƙe ƙafar da hannu duka kamar muciya. Ya sansana. Ya kurɓa. Ya shanye.

"Zoɓo ne," ya ce. "Citta ta yi yawa."

Na fashe da dariya ina share hawaye.

"Kada ki yi murna tukuna. Kin yi mini ƙarya, ke da Huguette, wannan muna da zama a kai. Zancen giya kuwa, ni zan tashi gaban mutane in ce na zo, na gani, na sha. Wanda ya ƙaryata ni ya zo ya same ni." Ya ajiye kofin a kan turmin. "Amma akwai abin da ba ni iya shanye miki. Tare munka zo da yaron nan. Yana waje. Na ce ya shigo, ya ce a'a."

Na fita ban ko cire rigar aiki ba.

Félix yana tsaye ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a ƙetaren titi, kusa da mai sayar da katin waya. Farar shat ɗinsa ta yamutse da zaman mota, ya rataya jakarsa ta makaranta. Idanunsa sun faɗa. Ya dubi sunan otel ɗin da ke ƙirjina kafin ya dubi fuskata.

"Félix, don Allah ka shigo daga rana."

"Nan ma ya isa."

"Ban karɓi aikin ba. Yarinyar ce ta rubuta ba ta tambayi kowa ba."

"Na yarda." Muryarsa a kwance, irin wadda yake yi wa ɗalibi in zai ba shi sakamako marar daɗi. "Yaushe aka yi miki tayin?"

"Talata."

"Talata na tambaye ki ko kin ci abinci. Kika ce kin ci."

Na sunkuyar da kai. Wata mota ta wuce da kiɗa, 'yan mata a ciki suna dariya.

"Ban zo in ja ki gida ba, Josiane. Na bar ajina na zo in ji abu ɗaya daga bakinki, ba daga wayar mutane ba. Kina son aikin nan?"

'Yan uwa, da na ce a'a, da yanzu komai ya wuce. Da ya yi murmushi, da mun shiga mota mu uku, da Inna ta ci gaba da tara kwanoni. Kalmar tana kan harshena. Amma mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya ba, ko ta wasa.

"Ina so," na ce. "Ina so ƙwarai. Tun da nake ban taɓa son wani abu na kaina haka ba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ni fa?"

"Kai ma ina son ka. Wallahi ina son ka."

"Na sani. Shi ya sa abin ya yi wuya." Ya share goshi da bayan hannu. "Tun daga Dutsi har Dosso, daga Dosso har nan, ina juya shi a kaina. Ba zan bar tsohuwa ba, kin sani. Ke kuma in na ɗauke ki na kai Tibiri, duk ranar da kika jiƙa zoɓo za ki tuna da wannan gidan, ni kuma zan gani a fuskarki. Ba na son matar da za ta riƙa yafe mini kullum."

Hawaye suka zubo mini. Mai katin waya ya juya baya, ya shiga gyara abin da bai lalace ba.

"Akwai abin da ya sa na kasa jira," Félix ya ce. "Fasto ya kira ni jiya. Ranar Lahadin nan zai fara shelar aurenmu a majami'a, don a rufe bakin mutane. In aka karanta sunayenmu gaban jama'a, kin san ba a komawa baya sai da kunya. Ya ce in ba shi amsa yau. In ce ya karanta, ko in ce ya dakata?"

Na dubi baƙar ƙofar otel. Na dubi takalmansa da ya goge don zuwa Yamai. Na so ƙasa ta buɗe, na so wani ya zo ya amsa a madadina, ko Baba, ko Madam, ko mai katin waya. Ba wanda ya zo.

"Ka ce ya dakata."

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Ya ɗan rufe ido, ya buɗe, ya gyara igiyar jakarsa.

"Na gode da kika faɗi gaskiya. Ki gaya wa Baba ina jiransa a tasha."

Ya tsayar da taksi ya shiga. Na tsaya ina kallon bayan motar har ta sha kwana wajen shagon zane-zane. Bai waigo ba.

Ban san Baba ya fito ba sai da na ji inuwarsa a gefena. Ya sa hularsa.

"Mi kinka ce mishi?"

Na faɗa masa, ina jiran saukar aradu.

"Dakatawa ba hwasawa ba ce," ya ce. "Yaron kirki ne. Ke ma ba ki yi mishi ha'inci ba. Ku je ku yi tunani kamar manya." Ya ɗaga hannu yana neman taksi, sannan ya juyo. "Amma ki sani, ni na ɗauki nawa kayan. Zancen shela kuwa, ba bakina ba. Uwarki ta riga ta gayyato 'yan uwanta daga Dogon Kiriya don su ji an karanta sunanki. Ke za ki hwaɗa mata."

Bai rufe baki ba wayata ta fara rawa a aljihun rigar aiki. Na ciro. Inna.

Na miƙa wa Baba da hannu biyu, ina roƙonsa da ido. Ya mai da hannayensa baya, ya ce, "Ɗauka."